Rabin Albasar Malam Uwaisu

Masu karatu, yau zan faɗa muku abin da na daɗe ina ɓoyewa, in ya so ku yi dariyarku ku ƙoshi. Har na kai shekara goma sha tara ban iya dafa abincin mutum ɗaya ba. Ku lura, ban ce ban iya girki ba. Wadda ta ce ban iya girki ba ta zo mu haɗa murhu. Ni Raliya 'yar Alhaji Gwadabe na unguwar Sabo a Ibadan, ku tara mini mutum arba'in a zaure cikinsu na kuka, kafin a kira la'asar na sauke musu tuwo da miyar kuka har su yi ragi. Amma ku ce in dafa wa mutum ɗaya, to a nan kuka kama ni.

Kuma ba laifina ba ne. Babana maigidan fatake ne. Mai shanu ya sauko daga Arewa, a gidanmu zai sauka, a nan zai kwana, a nan zai ci, Baba ya sayar masa da shanunsa wajen mahauta, sannan ya kama hanyar gida. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin tukunyar da mace ɗaya za ta iya saukewa ita kaɗai a madafinmu ba. Gishiri da tafin hannu muke zubawa, manja da kwalba, albasa sai an cika ƙwarya. Inna ba ta taɓa koya mini awo ba, cewa take hannu ne ke sani. Hannuna kuwa arba'in ya sani.

Ana nan sai Allah ya haɗa ni da Malam Uwaisu, mai gyaran agogo a unguwar Mokola, mutumin Ɗambatta. Dogo ne siriri, kullum cikin farar jamfa wadda ta sha guga, da wani ɗan gilashi da yake maƙalawa a ido ɗaya in zai leƙa cikin agogo. Ya zo gyaran agogon bangon zaurenmu, ni kuma na fito da ruwan baƙi. Ya ɗago ya dube ni da gilashin nan a ido, dariya ta kuɓuce mini har ruwan ya zube a tabarma. Agogon nan sau huɗu yana tsayawa a wata guda. Baba har yana cewa kayan Turawa ba su da albarka. Allah ya yafe mini, ni nake cusa masa tsinken tsintsiya.

Da magana ta yi ƙarfi har ya aiko yana neman izinin zance, Baba ya sa yayarsa, Gwaggo Azumi, ta yi bincike a kansa. Gwaggo gajera ce mai murya, tana sayar da fura a gidanta bayan masallaci, kuma in aka ba ta bincike sai ta gano abin da kakan mutum ya ci ranar sunansa. Kwana uku ta yi tana zuwa Mokola. Rana ta huɗu ta faɗo gidanmu da azahar, gyale a kafaɗa, ko sallamar kirki babu. Ina bayan ƙofa ina tsince shinkafa, kunnena na wajensu.

"Gwadabe, gyara zama."

"Lafiya, Yaya? Yana shan giya ne?"

"Da ma giya ce ai da sauƙi, a yi masa addu'a ya bari."

"Ba ya salla?"

"Yana yi, har da nafila. Dubi nan."

Ta kwance haɓar zaninta ta fito da wani ƙulli na ganyen da ake naɗe goro, an ɗaure shi tsaf da zare, da 'yar takarda a jiki. Ta ce matar da ta ba shi hayar ɗaki ce ta buɗe mata, ta tarar da irinsa guda bakwai a jere a kan kantar ɗakin, ta ɗauko ɗaya don shaida. Ta warware a gaban Baba. Shinkafa cikin gwangwanin madara ɗaya. Tattasai biyu. Busasshen kifi ɗaya, ɗan ƙarami. Gishiri a naɗe a takarda kamar maganin asibiti. Sai rabin albasa.

Baba ya ja baya. "Asiri ne?"

"Wane asiri! Karanta takardar."

Baba ya matso da ita kusa da ido, rubutun ajami ne. "Talata," in ji shi.

"Abincinsa na Talata ke nan! Ran Lahadi yake shiga kasuwa da kansa, namiji da shi, da kwando, ya dawo ya ƙulla na sati guda, kowace rana da sunanta. Ya dafa a risho, ya ci shi kaɗai, ya wanke kwanonsa ya kife. Rabin albasa, Gwadabe! Ɗaya rabin yana cikin ƙullin Laraba, na duba!"

Baba ya daɗe yana kallon rabin albasar nan. Mutumin da shekara talatin bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. Can ya ce, "To in baƙo ya yi sallama fa?"

"Sai ya sha ruwa."

"Yaya, ba zan ba da 'yata ga mutumin da ya san abin da zai ci ran Alhamis tun ran Lahadi ba. Gidan da ba a sa rabon baƙo a tukunya, wannan ba gida ba ne. A ba shi haƙuri."

Ni kuwa a bayan ƙofa hawaye ne ke ɗiga cikin shinkafa. Ina son mutumin nan, masu karatu, so na gaske, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Amma in faɗa muku gaskiya, ni ma rabin albasar ta ba ni tsoro.

Bayan wata biyu yaƙin basasa ya ɓarke. Da rediyo ya fara cewa faɗa ya matso har garin Ore, nan ƙasar Yarabawa, sai Sabo ta rikice. Fatake suka daina saukowa, waɗanda ke nan suka ɗaure kayansu. Baba ya sa Inna da ƙannena a jirgin ƙasa zuwa Kano. Shi ya ce maigida ba ya barin zaure, ko baƙo ɗaya ne ya zo ya same shi. Ni na ce zan zauna in riƙa yi masa girki, Inna har da sa mini albarka tana cewa na ji ƙan mahaifina. Na ji ƙansa, wallahi na ji. Amma Kano ta yi nisa da Mokola.

Ranar farko na hura murhu na tuƙa tuwo kamar kullum. Sai da na gama kwashewa na ga malmala ta cika akushi shida, sannan na tuna mutum ɗaya ne a zaure. Baba ya ci ɗaya da rabi. Na bi gida gida ina rabo, su ma gidajen duk an watse. Washegari na ce to na gane, na rage gari sosai, aka samu akushi huɗu. Cikin sati biyu na kusa kai rumbun gidan ƙasa, ga ciniki ya tsaya cak, Baba kuma ba mai buɗe baki ya ce babu ba ne.

Da na ga haka sai na ari 'yar tukunya na auna shinkafa kaɗan. Amma hannun nan nawa, da ya shiga tulun gishiri, sai ya ɗebo na mutum arba'in. Ban ma san na zuba ba. Baba ya kai loma ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, ya haɗiye da ƙyar.

"Raliya."

"Na'am, Baba."

"Allah ya yi miki albarka. Miƙo mini buta."

Rana ta gaba na hana kaina gishiri, sai barkono ya karɓi aikin. Ta gaba kuma manja ya yi iyo a kan wake har kana ganin fuskarka. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, sai dai na ga ya fara dawowa daga masallaci da burodi a aljihun babbar riga, yana ci a ɓoye. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Wannan ya fi mini zafi a kan duka.

Akwai Iya Sikira, Bayarabiya mai tallan manja da ke shigowa gidanmu tun ina goye. Ita ta same ni ina kuka a bakin murhu. Ta ɗanɗana miyar, ta tofar, ta yi salati da Yarabanci.

"Omo mi, 'yata, kina so kashe Alaji ne?"

"Iya, ban iya kaɗan ba."

"Wancan mai agogo naki fa? Shi ya iya kaɗan. Duk Mokola an san shi, har mata suna leƙa kwandonsa su koyi."

Na ce Baba ya hana. Ta ce Baba ya hana aure ne, bai hana tambaya ba. Na yage takarda na rubuta da ajamina na makarantar allo: "Malam, gishiri nawa ake sa wa mutum ɗaya?" Ko gaisuwa ban sa ba don kunya.

Ran Lahadi da hantsi Iya ta shigo da kwando an rufe da tsumma, ta ajiye a madafi tana dariya ƙasa ƙasa. Ƙulli bakwai, kowanne da sunan ranarsa. A cikin na Lahadin akwai wasiƙa:

"Raliya, ba a koyon awo da baki. Ruwa gwangwani biyu da rabi. In ya tafasa ki zuba shinkafar. Abin da ke cikin ƙaramar takarda shi ne gishirin. Kada ki ƙara. Na roƙe ki don Allah kada ki ƙara."

Na buɗe takardar gishirin na kalla. Na rubuta masa, "Wannan ko kaza aka ba sai ta raina." Ya amsa a ƙullin sati na gaba, "Ki sa hannunki a bayanki ki ƙirga goma, sha'awar za ta wuce." A ƙasa kuma ya ƙara, da ƙananan baƙaƙe, "Agogon shagona duk suna tafiya daidai, ni kaɗai lokaci ya ƙi yi wa gudu." Wasiƙar nan a cikin ɗankwalina ta yini, har ta ɗauki ƙamshin man kitso.

Na bi umarninsa kamar karatun allo. Litinin dafa-duka da kifi, Talata wake da manja cokali biyu, Laraba tuwon dawa malmala biyu da kuɓewa busasshiya, Juma'a har da tsokar nama guda uku. Ni kaina ban damu ba, amalar da Iya Sikira ke kawo mini ta ishe ni. Ranar farko Baba ya cinye tas ya suɗe hannu, ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Wa ya dafa wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Ikon Allah. Ashe hankali ne bai zo miki ba sai yanzu."

Sati uku muna haka. Burodi ya daina shigowa gidan, fuskar Baba ta ciko. Har a masallaci yake ba da labari wai 'yarsa ta fi uwarta hannu. Abu ɗaya ne bai gyaru ba: in na kai masa kwano zaure, sai ya ɗan jira yana kallon ƙofa ko wani zai yi sallama, sannan ya sa hannu.

Asirina ran Juma'a ya tonu. Gwaggo Azumi ta kawo wa Baba fura, ta wuce madafi neman ludayi, ni ina can baya ina shanya. Sai na ji murya ta tsaga gidan.

"La ilaha illallahu! Gwadabe! Fito ka ga!"

Na rugo na tarar da ita tsaye a tsakar gida, ƙullin Asabar a hannu ɗaya, tulin ganyen da na manta ban ƙone ba a ɗaya hannun.

"Ka ga Litinin! Ka ga Laraba! Ka ga wata Larabar! Sati nawa kana cin rabin albasar marowacin nan, kana yabo a masallaci?"

Baba ya karɓi takardun yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Allah ya taimake ni wasiƙun suna cikin ɗankwali. Na durƙusa.

"Baba, ka yafe ni. Na ga kana ramewa ne."

Ko kallona bai yi ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Gwaggo ce ta yi ta zuba, wai da gangan ya yi don ya shiga gidan ta tukunya, wai a je a same shi ba tare da sanarwa ba a ga abin da zai ba baƙo, a kunyata shi a gaban duk Mokola. Baba ya naɗe takardun ya sa a aljihu.

"Gobe kada ki dafa komai," in ji shi. "Yaya, ki shirya da la'asar."

Washegari ya sa babbar rigarsa ta saƙi wadda sai da Salla yake fito da ita, ya naɗa rawani. Gwaggo ta ci ɗamara da gyale kamar mai zuwa dambe. Suka fita. Ni kuwa na share tsakar gida sau uku, na wanke tukwanen da ba a yi girki a ciki ba, na yi alwala ban san sallar da zan yi ba. A raina na riga na gama: yau Baba zai rufe maganar nan rufewar da ba mai sake buɗe ta, gobe kuma ya sa ni a jirgin Kano.

Rana ta yi sanyi na ji sallama a zaure, muryar maza biyu. Gwaggo ta shigo ita kaɗai, a hankali, ɗamarar ta kwance. Ta nemi turmi ta zauna a kai.

"Ba ni ruwa."

Na ba ta. "Gwaggo, me ya faru?"

"Kantar nan tasa da na gani da ƙulli bakwai? Wayam. Ko ɓawon albasa babu. Mun same shi zaune da kofi yana shan garin rogo, ko sukari babu, ko ƙuli." Ta kurɓi ruwa. "Mai ɗakin ta ce tun da mutane suka watse ba mai kawo gyaran agogo. Abin da zai iya haɗawa na bakwai ɗin ne kawai, shi yake ba Iya Sikira ta kawo nan. Sati uku yaron nan gari yake sha."

Ni duk zatona sha huɗu yake ƙullawa, nasa da na Baba. Ban taɓa tambaya ba, ina can ina sunsunar wasiƙa.

"Da ya gan mu ya miƙe a rikice, ya shimfiɗa wa ubanki buzun sallarsa, ya ɗauko wani kofin ya raba garin nan biyu ya miƙa masa, yana ba da haƙuri. Ubanki ya karɓa ya shanye. Da rawaninsa da komai." Gwaggo ta share ido da bakin gyale, ta harare ni kamar ni na sa ta. "Sai ya juyo ya ce mini, Yaya, na ce mutumin nan ba ya sa rabon baƙo, ashe sati uku ni ne baƙonsa."

Kafin in ce wani abu Baba ya ɗaga murya daga zaure, wata murya da rabon in ji ta tun kafin yaƙi.

"Raliya! A kawo abinci, muna da baƙo!"

Abin da ke madafin duka ƙullin Asabar ne. Na dafa shi, na zuba a kwano ɗaya na kai, kaina a ƙasa. Na dai saci kallo. Jamfar nan fara tana nan da gugarta, amma mai ita ya zama kamar muciya. Na ajiye na koma bayan ƙofa, Gwaggo ta zo ta ture ni gefe ta sa nata kunnen.

Maza biyu a kan abincin mutum ɗaya, da kifi guda. Ta tsagar ƙofa ina ganin Baba ya tura masa kifin.

"Ci, Malam Uwaisu."

"A'a, Baba, naka ne."

"Kai ka saya."

"Kai aka dafa wa."

Kifin nan ya yi ta zuwa yana dawowa har Baba ya gaji ya raba shi biyu. Da suka wanke hannu Baba ya yi gyaran murya.

"Su wa za ka turo mini?"

Na kama hannun Gwaggo na matse har ta ce wash. Uwaisu ya sunkuyar da kai.

"Baba, ba ni da kowa a garin nan. Iyayena sun rasu, kawuna ɗaya yana Ɗambatta, ga hanya yadda take."

"Kawunka za a rubuta masa, ya wakilta wani a ɗaurin aure. Amma neman aure sai da uwa." Baba ya juyo ya fuskanci ƙofar da muke maƙale a bayanta. "Yaya, na san kina nan. Shigo. Ke kika shiga ɗakin yaron nan ba izini, kika ɗauke masa abincin Talata ya wuni da yunwa. To daga yau ke ce uwarsa. Ke za ki kawo mini kayansa."

"Ni?" in ji Gwaggo.

"Ke."

Sai ta zare hannunta daga nawa, ta gyara gyale, ta shiga zaure ta zauna kusa da Uwaisu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Dubi yadda suka tsotse mini ɗa," in ji ta. "Daga gobe a gidana za ka riƙa ci."

Ni har na fara murmushi ina share hawaye. Sai na ji ta ci gaba, da muryar nan tata ta bincike.

"Amma Gwadabe, kada ka yi gaggawa. In dai ni ce uwarsa, ba na karɓar wa ɗana mata da ka. Sai mun yi bincike a kan yarinyar nan tukuna. Ni dai na ji ana cewa ba ta iya girki ba."